Wane Bitamin C Zan Shafa? Tambayoyin Da Ake Yi Min Kullum A Shago

Da can, in mutum ya leƙo shagona na kayan kwalliya a nan Jos ya ce bitamin C yake nema, kemis ɗin maƙwabcina nake nuna masa, don na san mura ce. Yanzu kuwa da wuya a yi la'asar ba a tambaye ni siram ɗin bitamin C ba, wato ruwan nan da ake ɗigawa a shafa wa fuska: 'yan jami'a da suka sauko daga Bauchi Road, hajiyoyin da suka biyo bayan cefane a Terminus, har da samarin da ke cewa wai ƙanwarsu ce ta aiko su. Tambayoyin ba su cika sauyawa ba. Ga su nan yadda ake yi min su, da amsar da nake bayarwa ranar da shago ba cunkoso.

Anti, ba duk bitamin C ɗaya ba ne?

A gaban kwalba ɗaya ne, a bayanta ake rabuwa. Juya ki karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, inda aka jera sinadarai. In kin ga an rubuta Ascorbic Acid ko L-Ascorbic Acid, tsantsar ke nan, irin ta cikin lemo da gwaiba, wadda fata ke amfani da ita kai tsaye. In kuma kin ga Ascorbyl ko Ascorbate manne da wata kalma, to dangi ne: an ɗauko tsantsar an ɗaure ta da wani sinadari don kada ta lalace da wuri, sai fata ta kwance ɗaurin tukuna ta amfana.

Abin da ya jawo ɗaure-ɗauren nan shi ne tsantsar ba ta da juriya ko kaɗan. Iska, haske, zafi da ruwa duk ba sa ga maciji da ita. Kin san yadda dankalin turawa ke yin duhu in an fere shi an manta da shi a faranti? Haka take yi a cikin kwalba, sai dai ita in launinta ya juya, aikinta ma ya tafi. Saboda haka zaɓi biyu ne a gabanki: mai ƙarfi da ba ta daɗewa kuma tana iya raɗaɗi, ko mai sanyin hali da ke jure zaman ɗaki amma tana tafiyar hawainiya.

Wai me yake yi wa fatar ma?

Yana tare ɓarnar da rana da hayaƙi ke yi wa fata a hankali, wadda ba a gani yau sai bayan shekaru. Jiki kuma ba ya iya haɗa kolajin, abin da ke riƙe fata kada ta saki, sai da shi. Shi ya sa wanda ya daɗe bai same shi a abinci ba dasashinsa ke jini, ciwo ya ƙi warkewa. Sai wanda ya fi kawo ku shago: yana rage wa fata saurin samar da melanin, wato launinta, a inda ta yi shi fiye da kima, kamar tabon da ƙurji ya bari.

An ce tsantsar ta fi kowanne. Haka ne?

Ta fi kowanne hujja, wannan ba musu. Wani likitan fata a Jami'ar Duke ta Amurka, Sheldon Pinnell, da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2001 wanda har yau masu haɗa siram ke bin sa. Sun gano tsantsar ba ta ratsa fata sai ruwan da aka narka ta a ciki ya yi tsami sosai, ma'aunin pH ƙasa da 3.5. Don ki kwatanta: ruwan sha yana wajen 7, fatar fuska wajen 5, lemon tsami wajen 2. Sun kuma gano cewa abin da fata ke sha yana ƙaruwa har zuwa kashi 20 cikin 100, daga nan ba ƙari. Kwalbar da ta buga kashi 30 ko 40 da manyan baƙaƙe ba abin da za ta ƙara miki sai raɗaɗi, in ma da gaske abin da ta faɗa yana ciki.

A 2005 kuma suka nuna cewa in an haɗa kashi 15 na tsantsar da kashi 1 na bitamin E da rabin kashi na ferulik asid, haɗin ya fi daɗewa bai lalace ba, kariyar da yake ba fata daga ɓarnar rana kuma ta ninka. Haɗin da ke cikin C E Ferulic na SkinCeuticals ke nan, mai tsadar nan, kuma shi sauran kamfanoni ke kwaikwaya. In kin ga ukun nan tare a bayan kwalba, mai haɗin ya san abin da yake yi.

Amma fa wancan tsamin shi ne inda gizo ke saƙar. Fata mai ƙwari, wadda ba a taɓa gasa ta da man bilicin ba, za ta ɗauki kashi 10 zuwa 15 lafiya lau, kuma ni 10 nake ce wa kowa ya fara da shi. Fatar da ta riga ta tsage kuwa, kin zuba tsami ne a kan ciwo. A baƙar fata irin tamu, duk abin da ya ƙona fuska tabo yake bari. Sau nawa aka sayi kashi 20 a hannuna don a kori tabo biyu, aka dawo kumatu gaba ɗaya ya yi duhu. Garin neman gira aka rasa ido. Yanzu sai na tambayi mutum abin da yake shafawa kafin na sauko da kwalbar daga kanta.

Dangin fa? Sunayen sun yi min tsawo.

Ba sai kin haddace ba, ki ɗauki hoton wannan amsar a waya.

Sodium Ascorbyl Phosphate, a taƙaice SAP, ba ya buƙatar tsami, pH ɗinsa na kusa da na ruwa, don haka ba ya cizo. Shi nake miƙa wa mai fata mai maiƙo da ƙuraje, domin an gwada shi a kashi 5 a kan masu ƙurajen fuska na tsawon mako 12 aka ga sun ragu. Wadda ke fama da ƙurji yau tabo gobe, ta fara daga nan.

Magnesium Ascorbyl Phosphate, MAP, ɗan uwan na sama ne, an fi samun sa a cikin kirim, kuma busasshiyar fata na son sa. A wani gwaji da aka yi a Japan a 1996 da kirim mai kashi 10, mutum 19 cikin 34 masu duhun fuska da ɗige-ɗige sun ga wurin ya yi haske. Ba kowa ba, amma sun haura rabi.

Ascorbyl Glucoside shi ne wanda aka ɗaure da sukari. Kamfanin Hayashibara na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa. Yana jure zafi da haske, ba ya damun fata, sai dai yana son haƙuri.

3-O-Ethyl Ascorbic Acid kada sunansa ya ruɗe ki, ba tsantsar ba ce. Tsaka-tsaki ne: ya fi ta jure ajiya, tsaminsa kaɗan ne, amma akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi.

Tetrahexyldecyl Ascorbate, THD, da Ascorbyl Tetraisopalmitate a cikin mai suke narkewa ba a ruwa ba, shi ya sa suke da santsi a fuska. Suna da tsada, kuma yawancin binciken da ke yabon su daga wajen masu sayar da su ya fito, sai a rage wa yabon gishiri. Duk da haka a hunturu ni kaina THD nake shafawa.

Sai Ascorbyl Palmitate. In shi kaɗai kika gani, can ƙasan jeri, galibi an sa shi ne don kada man cikin kwalbar ya lalace, ba don fuskarki ba. Jerin nan daga mai yawa ake faro shi zuwa mai kaɗan. Bitamin C da ya zo bayan turare, kin san suna kawai ya ara.

A hunturun Jos fuskata har fashewa take yi. In daina shafawa ne?

Ba dainawa za ki yi ba, sauya hannu za ki yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar nan ta tsotse ruwan fata, ga wanka da ruwan zafi sosai saboda sanyi, ga sabulun salo da wasu ke dirzawa safe da yamma. Fatar da ta yi furu-furu haka ba ta son tsami. In tsantsar kike amfani da ita, ki mayar da ita yau a shafa gobe a huta, ko ki ajiye ta ki koma MAP ko THD har damina ta kusa. Ki bi da man da ke riƙe laima a kai. Man kaɗanya na yi wa busasshiyar fata kyau, amma mai yawan ƙuraje ta bar shi a jiki, kada ya hau fuska.

Siram ɗina ya koma ruwan ƙasa. Zan iya ƙarasa shi?

Shekarar da na fara kawo shi, katan guda na yi oda daga Legas. Ya kwana biyu a but ɗin mota kafin ya iso, ni kuma don burga na jera kwalaben a gilashin gaba, inda hantsi ke dukan su. Kwalaben irin waɗanda ake hango ciki ne. Kafin wata ya zagayo sun koma kalar shayi ba madara. Ina ji ina gani na zubar da jarina a kwata.

Ga abin da asarar ta koya min. Tsantsa mai rai fara ce kamar ruwa, ko da ɗan rawaya-rawaya kaɗan. In ta yi rawaya sosai ta fara tafiya, ki hanzarta da ita. In ta kai ruwan lemo ko ruwan ƙasa, ta mutu, sai rina miki tafin hannu da farce da rigar filo. Ki zubar, kada ki ce kuɗinki kike ceto. Wasu masana'antu kuma tun farko suke zuba kalar lemo a ciki, ta yadda ba za ki taɓa gane ranar da ya lalace ba. Irin wannan ba na ajiye shi.

Ba mu cika samun wuta ba, ina zan ajiye shi?

Firij ya fi, ba firiza ba. In babu, ki mayar da kwalbar cikin kwalinta ki sa a durowa, ko ƙasa kusa da randa inda sanyi yake. Ban da banɗaki, ban da bakin taga, ban da jakar hannu da ke yini a cikin mota. Ki rufe murfin da zarar kin ɗiga. Kwalba mai duhu ko mai famfo ta fi wadda ake buɗewa ana tsoma tsinken ɗigo kullum. Ki sayi ƙarama, mililita 30, ki rubuta ranar da kika buɗe a jikinta, ki yi niyyar gamawa cikin wata uku.

Mu a Jos sanyin gari yana rufa mana asiri. 'Yar uwata da ke Abuja, in Maris da Afrilu suka kama, ce mata nake yi ta haƙura da tsantsar ta riƙe glukosayid ko SAP.

Gaskiya ni haske nake so. Zai yi min?

Zai dusashe tabo, ya rage bambancin inda rana ta ƙona da inda mayafi ya rufe, fuska ta yi sheƙi. Ba zai ba ki kalar da ba taki ba. Kuma sai kin yi mako 8 zuwa 12 kina shafawa kafin madubi ya fara ba ki labari.

To in wani man da aka rubuta wa bitamin C, da hoton lemo an yanka, ya haskaka ki cikin kwana bakwai, ba bitamin C ya yi aikin ba. Ko haidurokwinon ne, ko sitiroyid irin su kulobetasol, ko zaiba, aka ɓoye a bayan hoton lemon. NAFDAC ta hana zaiba da sitiroyid a man kwalliya, haidurokwinon kuma ba ta yarda ya wuce kashi 2 ba. Waɗanda na fi tsoro su ne mayukan haɗi da ake ɗurawa a roba, ba lamba ba jerin sinadarai, a ce miki "oganik" ne. Ƙarshensu mun sha gani a bakin kantar nan: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore-kore a kumatu, nankarwa a damtse, da wani duhu mai shuɗi-shuɗi a gefen ido da ba ya jin magani.

Na daina bilicin, fatata ta yi laushi tana ƙuna. Da wanne zan fara?

Ba ko ɗaya tukuna. Sabulu mai sauƙi, mai mai riƙe laima, da man kariyar rana, su kaɗai, har sai ruwa ya daina yi miki zafi a fuska. In kin daɗe a kan mai sitiroyid, yanke shi rana ɗaya kan sa fuska ta fashe da ƙuraje da ja, daga nan mutane ke komawa ruwa. Wannan aikin likitan fata ne, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko wani babban asibiti, shi zai tsara miki yadda za ki janye. Bayan fata ta dawo hayyacinta, sai MAP ko SAP. Tsantsar ta jira.

Me zai hana na matse lemon tsami, ko na daka ƙwayar bitamin C ta kemis na zuba a maina?

Lemon tsami ya fi ƙarfin fuska, bitamin C ɗin cikinsa kuma bai kai ko kashi 1 ba. Abin da ya fi muni, akwai sinadari a ruwansa da ɓawonsa wanda in rana ta same shi a kan fata yake ƙona ta, har da bororo, ya bar baƙin shati na watanni. Ƙwayar kemis kuwa, fara ko mai ruwan lemo, don ciki aka yi ta, da sitaci da kala da zaƙi a haɗe. In kin daka ta cikin kirim, ba tsamin da zai shigar da ita fata, kuma cikin kwanaki za ta lalace ta ɓata miki kirim ɗin. Ki tsotse abinki.

Da safe ko da dare?

Da safe ya fi ma'ana, tunda ranar da zai taimaka a kanta da rana take fitowa. Ki wanke fuska, ta bushe, ɗigo uku ko huɗu, sai mai, sai man kariyar rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyar) 30 ko fiye. Kada a tsallake na ƙarshen nan, domin bitamin C ba ya tare rana, ɓarnarta kawai yake ragewa. Mutanen Jos kan ɗauka tunda garin da sanyi rana ba ta yi musu komai, alhali muna zaune a kan tudu mai kusan mita 1,200, kuma duk inda ƙasa ta yi sama hasken da ke ƙona fata ƙaruwa yake yi. Siram ba tare da man kariyar rana ba, kina ɗiban ruwa da kwando ne. In kin tsani wanda ke barin fuska fari fat kamar an shafa toka, ki nemi mai kala irin ta hoda; shi ma ya fi taimakon masu duhun kumatu.

Zan iya haɗa shi da sauran kayana?

Da niyasinamaid, wato bitamin B3 na shafawa, ƙwarai. Maganar cewa ba sa jituwa daga tsofaffin gwaje-gwaje ta samo asali, inda aka dafa su tare a zafin da fuska ba ta kaiwa. Retinol, wato bitamin A na shafawa, ki bar shi da dare. Benzoyil feroksayid na ƙuraje yana kashe tsantsar in suka haɗu, sai a raba musu lokaci. Ranar da kika shafa mai saɓule fata, irin su gilaikolik asid, ki hutar da tsantsar. Kowane sabon abu, ki gwada shi a bayan kunne ko ƙasan haɓa kwana biyu zuwa uku kafin ya hau fuska.

Bikina saura sati biyu, ana yi min dilka da halawa. In ƙara da siram?

A'a, amarya. Dilka ta dirje fata, halawa ta cire gashi da saman fata, ga kurkur, ga turaren tsuguno da na jiki. Ɗora tsami a kan wannan neman magana ne. Na ga amaryar da ta yi haka kwana uku kafin kamu, mai kwalliya ta sha wahalar rufe kumatun da suka saɓule. Kuma ko bai ƙona ki ba, sati biyu bai isa ya nuna komai ba. Wadda aka sa wa rana wata uku nan gaba ita ce za ta fara yanzu.

Ina da ciki, kumatuna sun yi duhu. Ba matsala?

Bitamin C na shafawa yana cikin abubuwan da likitoci ke yarje wa mai ciki da mai shayarwa. Retinol da haidurokwinon ne ake hanawa, saboda haka ki duba kada a haɗo su a kwalba ɗaya. Ki tafi da kwalbar ranar awo a duba miki. Duhun goyon ciki yakan ragu da kansa bayan haihuwa, in an kiyaye rana.

Hajiya, mu maza fa? Aski na bar min ƙuraje da tabo a wuya.

Fata ba ta san mace ko namiji ba, Malam. SAP ya fi dacewa da kai. Kada ka shafa tsantsar a ranar da reza ta bi wurin, za ka yi rawa ba kiɗa. Ka kuma daina askewa ƙwal har ƙasan fata, domin gashin da ke lanƙwashewa ya koma ciki shi ke kawo ƙurajen, siram kuwa tabon kawai yake bi.

Yaya zan gane na jabu?

Ki duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukuni, ki ga ta jikin kwali da ta jikin kwalba sun zo ɗaya. Wanda bai faɗi irin bitamin C ɗin da ke ciki ba, ki ajiye musu abinsu. In kamfani ya yi suna da tsada kika ga kayansa a tire ana sayarwa kuɗin kati, a ƙarƙashin rana kuma, ko na gaske ne ya riga ya dahu. Araha ba ta ado.

In na ci lemo da yawa, ba shi ke nan ba?

Ci daban, shafawa daban, kuma ci ne a gaba. Mace baliga na buƙatar wajen miligiram 75 a rana, namiji 90, gwaiba ɗaya mai kyau ma ta haura haka. Jiki ba ya tara rarar, fitsari ke tafiya da ita, shi ya sa shan ƙwaya barkatai ba ya kai wa tabon fuska abin da siram ke kaiwa. Mu da Farin Gada ke kusa ba mu da uzuri: tattasai, kabeji, tumatir, lemo, gwaiba, ga sitiroberin da ake nomawa a nan Filato, ga garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono. Sai dai wuta na cinye shi kamar yadda rana ta cinye katan ɗina. Tattasan da ya daɗe yana tafasa a miya ya yi asarar da yawa daga cikinsa, sai a yanka wani ɗanye a kan kwaɗon zogale.